Haridasa Thakur, wanda ya fifita ɗaga murya a wuridin Hindu

An haifi Haridasa Thakur wajajen shekarar 1450 a yankin Bengal, cikin ƙasar Bangaladash ta yau. Littattafan mabiyansa sun ce a gidan Musulmi ya tashi kafin ya koma bautar Krishna, kuma an yi masa bulala a kasuwanni 22 bai daina ba.

Manusmriti, tsohon littafin dokokin Hindu, ya jera darajar wuridi hawa-hawa: na raɗa ya fi na bayyane, na zuci kuma ya fi duka. Haridasa, wanda aka ce yakan ambaci sunan abin bautarsa sau 300,000 kullum, ya kifar da wannan jeri. Da wani malamin Hindu na ƙauyen Harinadi ya ƙalubalance shi, sai ya kafa hujja da cewa mai wuridin zuci kansa kaɗai yake amfanarwa, amma mai ɗaga murya har dabbobi da tsirrai, da ba su iya furtawa, suna samun rabo.

A birnin Puri ya rasu. Jagoransa Chaitanya ne da kansa ya binne shi cikin yashin bakin teku, inda har yau ake ziyartar kabarinsa.