Fudailu ɗan Iyadu, ɗan fashin da ya zama malamin Makka

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne. Maganar tana da gaskiyarta, amma maza da yawa sun mai da ita matashin kai: mashayi ya ce haka Allah Ya yi shi, mai cin amana ya ce ya riga ya saba, mai zaluntar iyali ya ce girma ya kama shi a kan haka. Duk wanda ke fakewa da wannan karin magana, ya kamata ya san labarin Fudailu ɗan Iyadu, Allah Ya jiƙansa.

Fudailu Balarabe ne na ƙabilar Tamimu. An haife shi a ƙasashen gabas, ya tashi a garin Abiwarda na lardin Kurasana, cikin ƙasar da ake kira Turkumenistan. Da ƙarfi ya zo masa sai ya kama sana'ar tare hanya tsakanin Abiwarda da Sarakasa, inda ayarin fatake ke ratsawa da dukiya. Sunansa kaɗai ya isa ya hana madugu barci.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana da dare yana cikin haura katanga, zai je wajen wata kuyanga da yake so, sai ya ji wani yana karatun Alƙur'ani, ya iso aya ta 16 ta Suratul Hadid, wadda ke tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna. Nan take jikinsa ya mutu. Ya amsa cewa lokaci ya yi, ya sauko, ya nufi wani kango domin ya kwana. Ashe akwai matafiya da suka yi zango a ciki. Yana jin su suna gardama, waɗansu na son a tashi, waɗansu na cewa a jira gari ya waye, gama Fudailu na kan hanya. Ga alama wannan ta fi ta farko sukar zuciyarsa, domin ya ji da kunnensa abin da ya zama a bakin bayin Allah: dodon da ake raba dare ana tsoro. A daren nan ya tuba, ya ƙudurta zai ƙare kwanansa a maƙwabtakar Ɗakin Ka'aba.

To, a nan ne masu ba da labarin suka fi son tsayawa, kamar a ce aikin ya ƙare. Alhali kuwa nadama ta dare ɗaya ba wuya gare ta ba, kowa ya taɓa yin ta. Wuyar tana ga abin da ya biyo baya. Littattafan labarun waliyyai sun ce ya bi mutanen da ya ƙwace wa dukiya yana neman gafararsu, kuma ba ƙaramin namiji ke iya tsayawa gaban wanda ya cuta ya sunkuyar da kai ba. Sa'an nan ya tafi Kufa, a ƙasar Iraƙi, yana babban mutum, ya durƙusa gaban malaman hadisi irin su A'amashu da Mansuru ɗan Mu'utamiru, ya ɗauki karatu. Mutumin da jiya yake ba ƴan fashi umurni, yau ga shi cikin sahun almajirai, ana gyara masa kuskure yana karɓa.

Sannu a hankali ya kai matsayin da malamai suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana. Abdullahi ɗan Mubaraku da Imamu Shafi'i suna cikin waɗanda suka ɗauki ilimi daga gare shi, kuma hadisan da suka biyo ta hannunsa sun shiga littattafan Buhari da Muslimu. Wanda ya san irin tankaɗe da rairayar da malaman hadisi ke yi wa mai ruwaya kafin su yarda da shi, shi zai gane nisan tafiyar da aka yi daga hanyar Sarakasa zuwa nan.

Bayan ya koma Makka da zama, abin da ya fi tsananta wa kansa a kai shi ne riya. Ya koyar cewa aiki ba ya karɓuwa sai ya haɗa abu biyu, a yi shi domin Allah kaɗai, kuma a yi shi bisa sunna. Har barin aikin alheri don gudun idon mutane, a wurinsa, wani reshe ne na riya.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa daga fada. Halifa Haruna Rashidu, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya zo aikin hajji, zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nemi wanda zai yi masa wa'azi. Fadlu ɗan Rabi'u, babban bafadensa, ya kai shi ƙofar Fudailu da dare. Fudailu ya kashe fitila ya raɓe a kusurwar ɗaki, sai da halifa ya laluba kafin hannunsa ya same shi. Ya yi mamakin laushin tafin hannun, ya yi masa fatan ya tsira daga azaba gobe ƙiyama. Ya tuna masa cewa ya ɗauki tsofaffin talakawansa iyaye, tsaransa ƴan'uwa, ƙanana kuma ƴaƴa, kuma za a tambaye shi a kan kowane ɗaya. Halifa ya yi ta kuka. Da zai tafi ya miƙa masa dinari 1000, Fudailu ya ƙi karɓa, ko da yake gidansa na cikin ƙunci, har iyalinsa suka yi masa ƙorafi. Hannun da ya saba fizge dukiyar fatake da tsinin takobi, shi ne ya mayar wa sarki kyautarsa. Wannan kuwa ba ƙiyayya ce ga masu mulki ba, domin an ruwaito cewa da yana da addu'a guda da ya tabbata za a amsa, shugaba zai yi wa ita, saboda gyaruwarsa gyaruwar ƙasa ce da jama'a.

Ɗansa Aliyu, wanda ya shahara da tsoron Allah tun yana saurayi, ya riga shi rasuwa, uban ya yi haƙuri da hukuncin Ubangiji. Shi kuma Fudailu ya cika a Makka cikin watan Muharram na shekara ta 187 bayan Hijira, wato 803, yana dattijo, aka rufe shi a can.