Malam Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen da Ya Tsara Lissafi Daki-Daki

A wannan fitowa na zaɓo muku wani malami na gida wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa a aji ba: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi.

Bafulatanin ƙasar Katsina ne, ya yi zurfi a lissafi da ilimin taurari da na haruffa. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagarmi. Wajen 1730 ya kama hanyar gabas don sauke farali, daga baya ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihi Hasan al-Jabarti. A gidan nan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya ambace shi a littafinsa na tarihin Masar.

Wajen 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, kan hatimi. Mu 'yan Mabai ta Ƙanƙara, da maƙwabtanmu na Faskari da Sabuwa, hatimi ba baƙonmu ba ne. Mun tashi muna ganinsa a allo, a wanke a ba mara lafiya ya sha. To amma wa ya tsaya ya duba lissafin ciki? A hatimi mai gida tara, ana jera 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Mai gida 25 kuwa 65 yake bayarwa. Malam ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimin da yawan layukansa mara ne: inda za ka fara, inda za ka matsa, da abin yi in ka tarar gida a cike.

Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim a ilimin kwamfuta, kuma a kansa ƙirƙirarriyar basira take tsaye. Ga tambayar da nake ta juyawa: almajirin da ya haddace ƙa'idar ya cika hatimi daidai, alhali bai san dalili ba, masani ne? Ita ce fa tambayar da ake yi yau kan na'urar da ke duba hoton ƙirji ta ce akwai alamar tarin fuka.

Malam ya hori ɗalibansa da abu biyu: kada su karaya in lissafi ya ƙi, kuma su riƙe ilimin a asirce domin amana ne. Na biyun nan ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan na'urori da bayanan marasa lafiya ake koyar da su, kuma kowane kati mutum ne, da iyali da mutunci. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Don haka in an tura ka koyon aiki a asibiti, don Allah kada ka ɗauki hoton katin wani ka tura WhatsApp, ko ka zuba sakamakon gwajinsa a ChatGPT don a fassara maka. Mai katin bai ba ka izini ba, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

Allah ya jiƙan Malam, ya ba mu ikon riƙe amana.