Farfesa Osuntokun: Likitan Da Ya Bi Sawun Cutar Jijiyoyi Har Cikin Garin Rogo

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ba shi da nisa da Sabo, unguwar Hausawan birnin. A wannan asibiti ne Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, ɗaya daga cikin likitocin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta aiki.

An haife shi a Okemesi ta ƙasar Ekiti a shekarar 1935. Ya kammala karatun likita a Ibadan a 1961, sannan ya ƙaro sanin cututtukan jijiyoyi a Ingila. Da ya dawo gida, sai ya mai da hankali kan wata cuta da ta addabi talakawan kudu maso yamma. Mai ita yakan ji tafin ƙafarsa ya mutu, tafiyarsa ta koma tangaɗi, ganinsa ya dushe, jinsa ya ragu.

Osuntokun bai tsaya a ɗakin duba marasa lafiya kaɗai ba. Ya shiga garuruwa irin su Epe, yana tambayar abin da mutane ke ci, yana auna jininsu. Ya tarar cutar ta fi yawa inda rogo ne abincin safe da dare, ya kuma danganta ta da gubar sayanayid da ke saura a rogon da ba a jiƙa ko gyara shi sosai ba. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki domin kawar da wannan guba, wanda shi ne talaka ya rasa.

Ya zama farfesa a 1970, ya shugabanci tsangayar koyar da likitanci daga 1974 zuwa 1978, sannan asibitin kansa daga 1985 zuwa 1990. Duk da nauyin ofis, ya ci gaba da horar da likitoci da ƙidayar masu farfaɗiya a yankin Igbo-Ora. A ƙarshen rayuwarsa ya haɗa hannu da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka, suka kwatanta ciwon mantuwa tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis. Sakamakon ya nuna ciwon bai kai yawan na can ba a Ibadan, abin da ya jawo hankalin masana zuwa ga tasirin abinci da muhalli.

Ya rasu a Ingila a watan Satumban 1995, yana ɗan shekara 60. Garin kwaki yanzu ya zama abincin gidaje har a Arewa, musamman da tsadar hatsi. Don haka masu tsara manufofin noma da lafiya a Abuja suna da abin dubawa a aikinsa: yadda ake sarrafa rogo kafin ya isa kasuwa batu ne na lafiyar jama'a.