Florence Bascom: Matar da ta yi karatun duwatsu a bayan labule

A lokacin da Florence Bascom ta shiga Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ba a yarda ta zauna cikin ɗalibai maza ba. A bayan labule aka ajiye ta, a wani lungun aji, wai don kada ta ɗauke musu hankali. A haka ta kammala digirin digirgir a 1893, ta zama mace ta farko da jami'ar ta bai wa wannan shaida.

An haife ta ranar 14 ga Yulin 1862 a Williamstown, jihar Massachusetts. Mahaifinta, John Bascom, ya shugabanci Jami'ar Wisconsin, inda ta yi digirinta na biyu a ilimin duwatsu a 1887. Mahaifiyarta kuwa 'yar gwagwarmayar neman wa mata 'yancin zaɓe ce.

Binciken digirinta ya shafi tsaunin South Mountain. Masana sun daɗe suna ɗaukar wasu duwatsun wurin a matsayin laka da yashin da suka taru suka daskare. Bascom ta yanka su sirara, ta duba su da madubin ƙara girma, ta nuna cewa narkakken dutse ne na aman wuta wanda tsawon zamani ya sauya wa kama. Ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce ɗaliba ta warware abin da manya suka tsaya a kai.

A 1895 ta koma Kwalejin Bryn Mawr ta mata, ta kafa sashen ilimin duwatsu daga wani ɗakin ajiya. Shekara guda bayan haka hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ɗauke ta aiki, mace ta farko a wannan matsayi. Ta shafe damuna da yawa tana zagaya Pennsylvania da maƙwabtanta tana zana taswirar duwatsunsu. A 1924 aka zaɓe ta cikin majalisar ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka.

Ɗalibanta sun yi fice, har biyu daga cikinsu, Eleanora Bliss Knopf da Anna Jonas Stose, suka ƙalubalance ta a fili kan shekarun duwatsun Wissahickon. Ta rasu ranar 18 ga Yunin 1945. Wani rami a duniyar Zahara yana ɗauke da sunanta.