Annabi Yahya (AS), Wanda Bai Ɓoye Wa Sarki Gaskiya Ba

Na san kin sha karanta Suratu Maryam, don haka farkon labarin ba baƙo ba ne gare ki. Annabi Zakariyya (AS) ya tsufa, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, ya roƙi Ubangijinsa a asirce, aka yi masa bushara da ɗa mai suna Yahya, sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafinsa. Tun yana yaro aka ba shi hikima, ga biyayya ga iyaye. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne wa'azinsa da yadda ya ƙare.

Wajen shekara ta 28 Miladiyya ya yi wa'azi a bakin kogin Urdun, ƙasar na hannun Rumawa. Linjilar da ke hannun Kiristoci ta kawo cewa tufarsa ta gashin raƙumi ce, abincinsa kuma fara da zuma. Eh, fara dai irin wadda muke soyawa da yaji. Wanda ya wadatu da wannan, da me za a saye shi?

Masu karɓar haraji, waɗanda suka saba ɗora nasu a kan abin da aka yanka wa talaka, ya umarce su da kada su wuce ƙa'ida. Sojoji kuwa ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya hore su da su tsaya a kan albashinsu. Mai riga biyu ya ba da ɗaya ga marar ita. Ki lura, bai ce su ajiye aiki ba, hannu ya so su tsarkake. A ganina nan ne maganar ta shigo ɗakinki, Uwargida, domin idan kika matsa wa maigida da buƙatun da suka fi ƙarfin albashinsa, daga ina kike tsammanin zai samo?

Mai mulkin Galili a lokacin shi ne Hirudus Antibas. Ya rabu da matarsa, 'yar sarkin Nabatawa, ya auri Hirudiya, matar ɗan'uwansa, alhali ɗan'uwan na raye. Annabi Yahya ya bayyana masa cewa auren nan haramun ne, sai aka tsare shi. A ruwayar Linjila, 'yar Hirudiya ta yi rawa a wajen bikin sarki, ya yi alkawarin ba ta duk abin da ta roƙa, uwar ta zuga ta ta nemi kan Annabi Yahya. Ibn Kasir ma ya kawo makamancin wannan. Marubucin tarihi Bayahude, Yusifus, ya nuna cewa tsoron jama'ar da ke bin sa ne ya sa sarkin ya kashe shi a kurkukun Makawir, gabas da Tekun Gishiri, cikin ƙasar Jodan ta yau.

Wajen shekara ta 36, surukinsa na farko ya ragargaza rundunarsa, wasu Yahudawa suka ɗauka sakayyar jinin Yahya ce. A 39 Kaisar Rum ya tuɓe shi, ya kore shi zuwa yankin Faransa ta yau, Hirudiya ta bi shi. A babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa kuwa, har yanzu akwai wurin da ake cewa nan aka binne kan Annabi Yahya (AS), Musulmi da Kirista duk suna ziyartarsa.