Percy Girouard: Gwamnan da ya shimfiɗa layin dogo zuwa Kano

Lokacin da jiniyar jirgin ƙasa ta fara kuka a Kano a shekarar 1911, mutumin da ya tsara aikin, Sir Percy Girouard, ya riga ya bar Najeriya.

An haifi Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga watan Janairun 1867. Ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, kana ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

A Sudan ne sunansa ya fara fitowa. Tsakanin 1896 da 1898 ya jagoranci shimfiɗa layin dogo da ya ratsa hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, lamarin da ya bai wa Janar Kitchener damar kai sojoji da makamai har ya ci Omdurman da yaƙi.

Daga Baro zuwa Kano

A 1907 aka naɗa shi ya gaji Frederick Lugard a Arewacin Najeriya. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne haɗa Kano da Baro, wani gari a bakin kogin Neja, inda jiragen ruwa masu tururi ke iya isowa daga teku idan ruwa ya cika.

Can sama da Jebba kuwa duwatsun Busa sun tare hanyar manyan jiragen, don haka ƙasar Yawuri ba ta shiga cikin tsarin ba. Tafkin Kainji ya shanye duwatsun bayan an kammala madatsar ruwan a 1968.

An gina layin mai tsawon mil 356 cikin araha, sai dai talakawa ne suka ɗauki nauyin. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tattaro leburori, da dama daga cikinsu ba da son ransu ba.

Jiragen farko da tururi suke aiki, kuma da shi suke kuka. Idan direba ya ja marikin jiniya, tururin kan fita ta wata siririyar kafa ya bugi bakin bututun tagulla. Dogon bututu kan ba da murya mai kauri, gajere kuma siririya, yayin da ƙarfin tururin da hannun direba ke sauya amon.

Turawa sun yi fatan layin zai riƙa kwaso auduga domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma daga 1912 cinikinta ya bunƙasa.

Batun filaye

A zamaninsa ne aka kafa kwamitin da ya haifar da dokar filaye ta 1910, wadda ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, ta kuma toshe kafar sayar da ita kai tsaye ga baƙi.

A 1909 aka mayar da shi Gabashin Afirka, inda ake kira Kenya a yau. A can ya goyi bayan tayar da al'ummar Masai daga makiyayarsu domin Turawa 'yan kama-wuri-zauna, taƙaddamar da ta kai ga ya yi murabus a 1912.

Girouard ya rasu a London ranar 26 ga watan Satumban 1932, yana da shekaru 65.