Mai Albarka Pauline Jaricot: Matar Da Ta Koya Wa Talaka Ɗaukar Nauyin Bishara

Kowace shekara a watan Oktoba, ranar Lahadin da ke gab da ta ƙarshe, akan yi baiko na musamman cikin dukan majami'un Katolika na duniya domin aikin yaɗa Bishara. Da yawa daga cikinmu mun saba sa hannu cikin wannan baiko, amma kaɗan ne suka san inda ya samo asali. Tushensa na wurin wata budurwa 'yar ƙasar Faransa, wadda aka haifa cikin wadata, ta kuma mutu sunanta na rubuce cikin littafin matalauta.

An haifi Pauline Marie Jaricot a birnin Liyon ranar 22 ga Yuli, 1799. Ita ce auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta, Antoine Jaricot, attajiri ne mai cinikin siliki, sana'ar da birnin ya yi suna a kanta. Ta tashi tana son ado da tarurrukan nishaɗi kamar sauran 'ya'yan masu hali. A shekara ta 1814 ta yi mummunar faɗuwa wadda ta jawo mata doguwar jinya, cikin shekarar kuma mahaifiyarta ta rasu. Bayan shekara biyu ta ji wa'azin wani Fada a majami'ar Saint-Nizier a kan banzar fahariya da ƙawar duniya. Wa'azin ya soke ta a zuci. Ta tuɓe tufafin alfarma, ta koma sa irin na matan da ke aiki a masaƙa, ta shiga ziyarar marasa lafiya. A Kirsimeti na 1816 ta yi wa Allah alkawarin zaman budurci, amma ba ta shiga gidan Sistoci ba. Har ƙarshen ranta ta zauna cikin jama'a kamar kowane mai bi.

A lokacin nan Ikilisiyar Faransa ba ta daɗe da fita daga wahalar juyin juya hali ba, wanda ya ƙwace mata dukiya, ya kuma warwatsa firistocinta. Masu bishara da ke ƙasar Sin da sauran ƙasashen gabas suna fama da rashi ƙwarai. Wanta Philéas, wanda ya shiga karatun zama Fada a birnin Paris, yakan ba ta labarin halin da suke ciki. Wata maraice a shekara ta 1819, 'yan gidansu suna wasan karta ita kuma tana zaune kusa da wuta, sai dabara ta zo mata, ta rubuta ta nan take. Ga yadda take: mutum ɗaya ya nemi mutane goma, har da shi kansa, waɗanda za su riƙa addu'a domin masu bishara, kowannensu kuma ya ba da ɗan kwabo ɗaya kowane mako. Kwabon nan ana kiransa su, sai an tara ashirin ɗinsa kafin a sami faran ɗaya. Shugabannin goma guda goma su kai abin da suka tara wurin shugaban ɗari, shugabannin ɗari kuma su kai wurin shugaban dubu. Duk macen da ta taɓa zubin adashi za ta gane hikimar nan da sauri, sai dai a wannan adashi ba mai jiran ranar kwasa.

Waɗanda suka fara amsawa su ne mata ma'aikatan siliki, masu ƙaramin albashi da dogon wunin aiki. Abin ya bazu. Ranar 3 ga Mayu, 1822, waɗansu manyan mutanen Liyon suka taru suka kafa Ƙungiyar Yaɗa Bangaskiya, suka ɗauki tsarin Pauline, suka faɗaɗa shi domin ya taimaki masu bishara a ko'ina cikin duniya. Kuɗin farko an raba shi tsakanin ayyukan bishara na Asiya da na Amurka, wato Louisiana da Kentucky. Pauline ba ta cikin masu shugabancin ƙungiyar, da tafiya ta yi tafiya ma aka kusa mantawa da cewa ita ce mafari. Ba ta tsaya jayayya ba. A 1826 ta kafa ƙungiyar Rosari Mai Rai, inda mutane goma sha biyar ke raba asirai goma sha biyar na Rosarin zamanin, kowa ya yi gomiya ɗaya kowace rana. Kafin rasuwarta membobinta sun wuce miliyan biyu a Faransa kaɗai. A 1835, tana cikin ciwo mai tsanani, ta tafi Roma inda Paparoma Gregory na 16 ya gan ta, ta wuce Mugnano wurin ziyarar Waliyya Filomena, ta dawo da lafiyarta.

Ganin irin wahalar ma'aikata ya sa ta yi niyyar kafa masana'anta ta Kirista, inda za a biya lada na adalci, a kuma ilmantar da 'ya'yan ma'aikata. A 1845 ta zuba dukiyarta wajen sayen ma'aikatar narka ƙarfe a Rustrel, kudancin Faransa. Mutane da dama, har da talakawa, suka ba da ajiyarsu saboda amincewa da sunanta. Amma waɗanda ta danƙa wa amanar kuɗin suka yaudare ta, aikin ya rushe, bashi ya hau kanta. Sauran shekarunta ta ƙare su tana yawon neman taimako domin ta biya masu binta, musamman ƙananan da suka ba da guminsu. Shugabannin ƙungiyar da ta samo asali daga hannunta suka ƙi tallafa mata. A 1853 aka rubuta sunanta cikin matalautan birnin Liyon masu karɓar agaji. Ta gafarta wa waɗanda suka cuce ta. Ta rasu ranar 9 ga Janairu, 1862, a gidanta da ke gindin tudun Fourvière.

Irin da ta shuka bai mutu tare da ita ba. A 1922 Paparoma Pius na 11 ya mai da ƙungiyar ta zama ta Paparoma, aka kai hedkwatarta Roma, a 1926 kuma ya kafa Lahadin Bishara ta Duniya. Paparoma Yohanna na 23 ya tabbatar da nagartar halinta a 1963, ranar 22 ga Mayu, 2022 kuma aka ɗaukaka ta zuwa matsayin Mai Albarka a Liyon. Mu ma muna cikin masu cin moriya. A birnin nan na Liyon ne aka kafa ƙungiyar SMA a 1856, Ƙungiyar Yaɗa Bangaskiya kuwa tana cikin masu tallafa mata. Firistocinta ne suka sauka Lokoja a 1884, suka kuma isa Shendam a 1907 ƙarƙashin Fada Oswald Waller. Kwabon masaƙan Liyon yana cikin guzurin da ya kawo mana Bishara.

Rayuwarta tana amsa tambayoyi biyu da ke damun masu bi a kan zakka da baiko. Ta farko ita ce ta wanda ke cewa abin hannunsa ya yi kaɗan, bari masu kuɗi su bayar. Attaura ta umarci Isra'ilawa su ba da ushiri, amma Ikilisiyar Katolika ba ta yanka wa kowa adadi ɗaya ba. Dokarta ita ce kowa ya taimaka wajen biyan bukatun Ikilisiya gwargwadon ƙarfinsa, da yardar zuciya kamar yadda Manzo Bulus ya koyar cikin 2 Korantiyawa 9. Abin da Pauline ta ƙara shi ne naci: kaɗan, amma kowane mako, daga hannun kowa. Mudun dawa a lokacin kaka da ɗan abin da 'yar Zumunta ke warewa daga cinikin ƙosai suna da daraja irin ta aninan gwauruwar da Ubangiji ya yaba cikin Markus 12.

Ta biyu ita ce ta wanda aka koya masa cewa baiko jari ne, wai duk wanda ya bayar dole Allah ya ninka masa kuɗinsa. Da haka ne, da Pauline ta mutu attajira. Ta ba da dukiyarta, da ƙuruciyarta, da sunanta, abin da ta samu a duniya kuwa bashi ne da mantuwa. Duk da haka ba ta zargi Allah ba, domin tun farko ba ciniki ta shiga da shi ba. Labarin Rustrel kuma gargaɗi ne ga masu riƙe kuɗin jama'a a majami'unmu: kyakkyawar niyya ba ta isa ba sai da lissafi bayyananne da amintattun hannuwa.

Saboda haka, idan ƙwaryar baiko ta zo gabanka, kada ka raina abin da ke hannunka, kada kuma ka sa shi da idon riba. Akwai ƙauyukan da har yanzu ke jiran katekist, akwai samarin da ke karatun zama Fada, akwai marasa lafiya a asibitocin mishan. Waɗansu sun ɗauki nauyinmu ba tare da sun san sunanmu ba, yanzu kuma layi ya zo kanmu.

Mai Albarka Pauline Jaricot, ki yi addu'a dominmu. Amin.